Kyanwa da Tukunyar Kawar: Tarihin Cima a Dirku da Lafiyar Mai Gadin Hatsi

Gabatarwa

Garin Dirku yana cikin jerin dausayoyin Kawar, a gundumar Bilma ta jihar Agadas, can arewa maso gabashin Nijar. Ta gabas dogon dutsen Kawar ya tokare shi, ta yamma kuwa rairayin Tenere ne shimfiɗe har gindin duwatsun Abzin. Ruwan saman da ke sauka a yankin ba ya kai milimita 20 a shekara, don haka gero ba ya yi, dawa ba ta yi. Abin da ƙasar ke bayarwa shi ne dabino da gishiri da kanwa, sai ɗan kayan lambu da ake ba ruwa daga rijiya. Duk hatsin da ya shiga tukunya a Dirku daga nesa aka ɗauko shi, jiya bisa raƙumi, yau bisa mota. Wanda ya san tsadar ƙwayar hatsi haka ba ya wasa da ɓera, wanda kuma ba ya wasa da ɓera ba ya raina kyanwa.

Wannan maƙala ta bi sawun sauye-sauyen da cimar mutanen Kawar ta gani, daga zamanin ayari zuwa zamanin gwangwani, tare da duba abin da kowane sauyi ya jawo wa kyanwa, wadda ke jiran ragowar kwano a bakin ƙofa. Dalili kuwa shi ne, tukunya ta sauya sau da yawa, amma hanta da jinin kyanwa suna nan yadda aka halicce su tun tana daji.

Asalin Kyanwa

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko kuliya ko mussa, namijinta kuma muzuru, jikar kyanwar dajin Afirka ce da masana ke kira Felis lybica, dabbar da har yau ake samu a Sahel da gefen Sahara. Tana da ƴar uwa ta nesa, kyanwar rairayi, wadda Bafaranshe Victor Loche ya fara bayyanawa a rubuce a 1858, tana kuma rayuwa a Tenere da yankin Termit. A 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai shekara kimanin 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Masana suna ganin rumbu ne ya haɗa su: manomi ya tara hatsi, hatsi ya kira ɓera, ɓera ya kira kyanwa. A 2025 wani binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Science ya nuna cewa kyanwoyin gida na Turai daga Arewacin Afirka suka tsallaka, shekara kimanin 2,000 da suka wuce.

A tsohuwar Masar an ɗaukaka kyanwa har aka jingina ta da abin bautarsu Bastet, wadda cibiyarta ke Bubastis, kusa da Zagazig ta yau. A 1888 aka gano makabartar kyanwoyi a Beni Hasan, a 1890 kuma aka kai wajen tan 19 na busassun gawarwakinsu Liverpool ta Ingila, aka yi gwanjonsu a matsayin taki.

Zuwan Musulunci ya ajiye kyanwa a matsayi na tsakatsaki, ba a bauta mata, ba a kuma wulaƙanta ta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malaman Barno da ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, an rawaito yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, bisa hujjar cewa ita ba najasa ba ce. Buhari da Muslim kuma sun rawaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na bakinta ba. A Alƙahira, an ce Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Zamanin Ayari

Kawar tsohuwar mashiga ce a kan hanyar da ta haɗa Turabulus da Fezzan da Tafkin Cadi. Ibn Abdil Hakam ya rawaito cewa Uƙba bin Nafi ya iso Kawar a wajen shekara ta 666, al-Idrisi kuma ya bayyana garuruwanta da kasuwancinsu a littafinsa na 1154. Sarakunan Kanem da Barno sun riƙe hanyar da muhimmanci, domin ta nan dawaki da tufafi da makamai ke gangarowa kudu, ta nan kuma ake kora bayi arewa. A watan Janairu na 1823 Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka yada zango a Dirku kan hanyarsu ta zuwa Kukawa, suka kuma ambaci tafkunan kanwa da ke gefen garin. Barth ya bi ta Kawar a 1855 yana komawa gida, Rohlfs a 1866, Nachtigal a 1870. A 1906 sojojin Faransa suka kafa sansani a Bilma, wadda ba ta kai kilomita 50 kudu da Dirku ba.

Sai dai abin da ya riƙe cikin Barebari da Tubawan Kawar shi ne ayarin Abzinawa, wanda ke keta Tenere bayan damina, a wajen Oktoba da Nuwamba. Dubban raƙuma ke zuwa da geron Damargu da ƙasar Hausa, da busasshen nama da cuku da man shanu da tufafi, su koma da kantu da beza da dabino. Geron da aka sauke a wannan lokaci shi za a yi ta lallaɓawa har wata shekara. Idan ɓera ya shiga ɗakin ajiya, yunwa ce ta shiga.

A nan kyanwa ta dace da aikinta ta wata fuska mai ban mamaki. A 2005 masu bincike na cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka gano cewa ƙwayar gadon da ke sa harshe ya ji zaƙi a lalace take a dukkan dangin kyanwa. Wato kyanwa ba ta san daɗin dabino ba. Ga mai dabino, samun mai gadin da ba ya kwaɗayin abin da aka ba shi tsaro ba ƙaramar sa'a ba ce, domin an san abin da ke biyo baya idan aka ba kura ajiyar nama.

Kyanwar da ke zaune a irin wannan gida da farautarta take rayuwa. Ɓera da ƙadangare da tsuntsu da fara su ne abincinta, ragowar tuwo kuwa ƙari ne kawai. Jikin ɓera kashi 70 cikin 100 ruwa ne, ƙodar kyanwa kuma gwana ce wajen tattalin ruwa, shi ya sa ba ta cika jin ƙishirwa ba. Wannan gado na hamada alheri ne gare ta muddin tana farauta. Da zarar an mayar da ita kan busasshen abinci mai gishiri, sai ya juye ya zama matsala, domin ba ta shan ruwa gwargwadon bukatarta.

Albasa, Tafarnuwa da Gishiri

Babu miyar da ta amsa sunanta a Nijar ba tare da albasa ba. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku, lambunan Abzin irin na Tabelot suna fitar da albasa da tafarnuwa masu yawa, gabu kuma, wato busasshen ganyen albasa da aka kirɓa, yana jure doguwar tafiya ba ya lalacewa. Ga ɗan Adam waɗannan duka ƙamshi ne da lafiya. Ga kyanwa kuwa guba ne, ɗanye ko dafaffe, busasshe ko dakakke, domin wuta ba ta kashe sinadaran farar wuta da ke cikinsu.

Yadda abin ke faruwa shi ne, sinadaran suna shiga jini su ƙone furotin ɗin da ke ɗauke da iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, sai ya dunƙule, ƙwayar ta fashe. Wani likita Bajamushe, Robert Heinz, shi ya fara bayyana irin waɗannan dunƙule-dunƙule a 1890, har yau kuma da sunansa ake kiransu. Jinin kyanwa ya fi saurin ƙonewa, domin furotin ɗin nata yana da gurabe takwas da gubar ke iya kamawa, alhali na mutum biyu ne. A 1998 wani bincike a Amurka ya tabbatar da cewa ko garin albasar da ake sa wa abincin jarirai na kwalba ya isa ya taɓa jinin kyanwa. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa giram 5 na albasa ga kowane kilo na nauyin jikinta ya isa ya yi lahani. Kyanwa mai kilo 3 ke nan giram 15 ya ishe ta, abin da bai wuce yanka ɗaya mai kauri ba. Tafarnuwa ta fi albasa ƙarfi, busasshen gari kuma ya fi ɗanye.

Muguntar wannan guba ita ce ba ta bayyana nan take. Sai bayan kwana biyu ko fiye ake ganin kyanwa ta yi laushi, ta ƙi abinci, dasashinta ya yi fari fat, numfashinta ya yi sauri, fitsarinta ya yi ja ko baƙi-baƙi. A lokacin mai gida ya manta da romon da ya zuba mata, sai a ɗora laifin a kan maƙwabci ko a kan iska.

Gishiri kuwa, wanda shi ne arzikin Kawar, kaɗan ne jikin kyanwa ke bukata, naman da take ci kuma ya wadatar da ita. Idan ya yi yawa, ruwan sha kuma ya yi ƙaranci, yakan jawo amai da makyarkyata da farfaɗiya, har mutuwa. Kilishi ya haɗa duka ukun, gishiri da albasa da tafarnuwa, ga kuma yaji. Haka tsire da balangu da dambun nama. Abin da mai gida ke yagowa daga bakinsa don nuna ƙauna, shi ne ya fi cutar da ita.

Shayi, Goro da Madara

A ƙarni na 19 koren shayin ƙasar Sin ya bazu a Sahara ta hanyar Maroko da tashoshin Bahar Rum, kafin tsakiyar ƙarni na 20 kuma ya zama alamar karɓar baƙo daga Agadas har Kawar. Goro ya riga shi, domin fataken Hausawa sun daɗe suna ɗauko shi daga Gwanja. Dukansu suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da Bajamushe Runge ya ware a 1819. Goro da koko kuma suna da ɗan uwansa tiyobromin, wanda Voskresensky na Rasha ya gano a cikin koko a 1841. Jikin kyanwa ba ya saurin fitar da waɗannan, sai su taru su sa zuciya bugu da sauri, jiki ya ɗau rawa. Kyanwa ba ta neman shayi mai ɗaci da kanta. Madara da mai ne ke jan ta, saboda haka haɗarin yana cikin ragowar shayi da madara, da kofi da madara, da cakulan da yara ke yarwa.

Ita kanta madarar akwai magana a kanta. Kowa ya tashi ya ga ana zuba wa kyanwa madara, ita ma tana lashewa da marmari. Amma bayan yaye, cikin mafi yawan kyanwoyi yana rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara, sai ta wuce hanji ba ta narke ba, ta jawo kumburi da zawo. Madarar raƙumi da ta akuya da ta gari duk suna da wannan sukari. Nono mai tsami da cuku sun fi sauƙi, domin sukarin ya ragu a cikinsu. A ƙasa mai zafi irin Kawar, zawon kwana biyu ya isa ya kashe ɗan kyanwa. Ɗanyar madara kuma tana da nata haɗarin: a 2024 kyanwoyi sun mutu a gidajen kiwon shanu na jihar Texas bayan sun sha madarar shanun da murar tsuntsaye ta kama. Wannan mura ba baƙuwa ba ce a Nijar, domin a 2006 an tabbatar da ita a Magarya. Mushen kaza, ke nan, ba abin jefa wa kyanwa ba ne.

Zamanin Mota da Gwangwani

Tsakanin 1959 da 1960 tawagar motocin kamfanin Berliet ta keta Tenere, abin da ya nuna cewa babbar mota na iya bin inda raƙumi ke bi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya halaka raƙuma masu yawa, ayari ya ragu, ko da yake bai mutu ba. A hankali Dirku ta zama babban zangon motocin da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da kudancin Libiya, ɗauke da kaya da matafiya. Dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta rage wannan zirga-zirga, har zuwa Nuwamba 2023 da aka soke ta. Tare da motoci aka samu kantuna cike da taliya da shinkafa da fulawa, tumatirin gwangwani, sadin da tuna, madarar gari, biskit da alewa. Dunƙulen miya, wanda kamfanin Maggi na Suwizalan ya fara fitarwa a 1908, ya bazu a Afirka ta Yamma a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, galibinsa kuma gishiri ne.

Kifin gwangwani shi kyanwa ta fi so, ɗan kaɗan jefi-jefi kuma ba ya kisa. Amma an shirya shi ne don mutum, da gishiri da mai, wani lokaci da miyar tumatir mai albasa. Tun shekarun 1950 likitocin dabbobi suka bayyana wata cuta da ke kama kyanwar da aka ɗora kan jan naman tuna kaɗai: kitsen jikinta ya zama rawaya ya kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ta yi ƙara, saboda ƙarancin bitamin E. Wasu nau'o'in ɗanyen kifi kuma suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1, sai kyanwa ta fara tangaɗi da sanƙarewar wuya. Dafuwa tana kashe wannan sinadari. Hanta ma, idan ta zama abincin kullum, bitamin A ɗinta yana yin yawa har ƙasusuwan wuya su manne. Ƙashin kaza da aka dafa yakan tsage ya soke maƙogwaro ko hanji.

Inabi da zabibi, waɗanda kan yawaita a kasuwa lokacin azumi, an san su da kashe ƙodar karnuka tun farkon shekarun 2000. A 2021 likitoci a Amurka suka danganta wannan da wani tsami da ke cikinsu, wanda kuma yake da yawa a tsamiya. Saboda haka suke ba da shawarar a nisanta kyanwa ma daga inabi da zabibi da kunun tsamiya. Kwaɓin fulawa mai yis, na burodi ko fanke, idan ta haɗiye shi ɗanye, yakan ci gaba da tashi a cikinta yana fitar da barasa.

Babban sauyin da wannan zamani ya kawo, duk da haka, shi ne na zaman kyanwa kanta. Wadda aka kulle a kanti ko a gidan siminti, aka hana ta yawo, ragowar taliya da shinkafa sun zama abincinta gaba ɗaya. Akwai wani sinadari mai suna taurin da ke cikin nama, babu shi a hatsi, jikin kyanwa kuma ba ya ƙera isasshe. A 1975 Hayes da abokan aikinsa suka nuna cewa rashinsa yana makantar da kyanwa. A 1987 Paul Pion da abokansa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa rashinsa yana sa zuciyarta ta buɗe ta yi rauni, abin da ya sa kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi a kayansu. Kyanwa na iya cika ciki da tuwo kullum, alhali yunwa na cin idonta da zuciyarta. Hadisin matar nan ya buɗe ƙofa biyu, ko a ciyar ko a saki, bincike kuma ya nuna cewa ciyarwar sai da abin da ya dace da halittarta.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Hausawa sun ce hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa. Abin da ya dace da kyanwa bai fi ƙarfin talaka ba: ɗan nama ko kayan ciki da aka tsame kafin a zuba gishiri da albasa, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, da ruwa mai tsabta a inuwa wanda ba ya yankewa. A bar ta ta yi farautarta, a kuma guji zuba maganin ɓera inda take kai-komo, domin guba na bin mushen ɓera zuwa cikinta.

Idan ta ci abin da bai dace ba, kada a ɗura mata ruwan gishiri ko na kanwa don ta yi amai, domin wannan guba ce a kan guba. Madara ma ba makari ba ce. Mafi muni duka shi ne farasitamol. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke warware shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Abin yi shi ne a ajiye mata ruwa, a riƙe sunan abin da ta ci da lokacin da ta ci shi, a nemi ma'aikacin kiwon dabbobi ko ta waya. A garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga Agadas, rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.

Kammalawa

Tarihin Kawar an saba ba da shi ta bakin sarakuna da madugai da matafiya. Amma ana iya karanta shi a cikin tukunya, daga gero da dabino da gishiri, zuwa shayi da sukari, zuwa taliya da gwangwani. Kowane ƙari da ya faɗaɗa cimar mutum ya ƙara yawan abin da kyanwa ba ta iya ɗauka. Inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Malaman makaranta suna da darasi a nan wanda ya haɗa tarihi da kimiyya da tarbiyya, kayan aikinsa kuma suna cikin kowane madafi. Yara su ne suka fi wasa da kyanwa, su ne kuma suka fi miƙa mata abin da ke hannunsu. Ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda ke tattara tatsuniyoyi da karin magana, za su iya haɗawa da sunayen kyanwa da labaranta a Barbarci da Tubanci da Tamashek da Hausa, kafin tsofaffin da suka ga ayari a ganiyarsa su ƙare. Dabbar da ta tsare hatsin kakanni ba ta nemi lada ba. Hakkinta a kan jikoki shi ne a san abin da za a zuba mata a kasko, a kuma san abin da za a hana ta.